Wasan Attahiru: Tarihi da kalmomin da ɗalibi ke buƙata kafin ya karanta

Attahiru wasan kwaikwayo ne na ban tausayi da Farfesa Ahmed Yerima ya rubuta da Ingilishi a ƙarshen shekarun 1990, kamfanin Kraft da ke Ibadan ya buga shi. Yana magana ne a kan Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya da faɗuwar Daular Usmaniyya a hannun Turawan Ingila. Malaman adabi kan karantar da shi a jere da wani wasan marubucin a kan Oba Ovonramwen na Benin, domin dukansu labarin sarakuna ne da mulkin mallaka ya ci ƙasarsu.

Wasan gajere ne, amma ɗalibin da ya shige shi ba tare da tarihi ba, abin da zai gani kawai shi ne sarki mai taurin kai da ya kai mutanensa gaban bindiga. Tarihin ne ke nuna irin matsin da aka shiga.

Ranar 1 ga Janairun 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lokoja, ya ce Arewa ta shiga hannun gwamnatinsa. A 1901 aka ci Bida da Kwantagora da Yola, a 1902 Bauchi. A watan Oktoba na shekarar ne Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya tafi Kano, abin da Lugga ya riƙe a matsayin hujja. A wannan watan kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Attahiru. Wato ya hau gado ne alhali wuta ta riga ta kama gefen zana. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sakkwato kuma ranar 15 ga Maris, bayan artabun filin Giginya inda dawakai da takubba suka fuskanci bindiga mai ruwa. Attahiru ya nufi gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bar gonaki da kasuwanni suka bi shi. A Burmi, cikin Jihar Gombe ta yanzu, ya yi shahada ranar 27 ga Yulin 1903. Kwamandan Turawa, Manjo Marsh, shi ma a nan ya mutu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau a bakin kogin Nilu.

Wajen kalmomi, ɗalibi Bahaushe yana da rata a kan takwaransa na Kudu, amma nan ne kuma ya fi saurin tuntuɓe, domin yakan ɗauka ya riga ya sani. Kalmar da ta fi kowace nauyi ita ce hijira. Wanda ya fassara ta da gudu ya ɓata wasan gaba ɗaya. A wurin Attahiru da mutanensa hukunci ne na addini, koyi da hijirar Annabi (SAW) da ta Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804. Hanyoyi uku ne ke gaban malamai da fadawa a lokacin: yaƙi, ko hijira, ko sulhu na zahiri don kare al'umma. Waziri Buhari ya zaɓi na ukun, ya zauna da waɗanda suka rage, daga baya ya rubuta bayanin dalilansa. Ɗalibin da ya kira shi maci amana ya yi gaggawa.

Haka sarautu. Waziri a Sakkwato shi ke riƙe da wasiƙu da hulɗa da sarakunan masarautu. Marafa a lokacin, Muhammadu Maiturare, jagoran mayaƙa ne, shi ne kuma ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Galadima da Madawaki kuwa, nauyinsu ya bambanta daga gari zuwa gari. A Daura, alal misali, Kaura da Galadima ne ke kan gaba tun a labarin Bayajida. Ko kalmar Halifa da wasan ke amfani da ita tana da ma'ana: tana nuna shugaban al'umma ne ta fuskar addini, saɓanin Sultan da Turawa suka fi so. A kuma lura, Attahiru biyu ne: na biyun, ɗan Aliyu Babba, shi Turawa suka amince da naɗinsa kwanaki kaɗan bayan cin Sakkwato.

Ga ɗalibi a ƙasar Daura, kamar na Babban Mutum a ƙaramar hukumar Ɓaure, akwai wani ɓangaren da wasan bai taɓo ba. Bayan jihadi, wajen 1805, Malam Isiyaku ya karɓi Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Ɓaure. 'Yan shekaru bayan Burmi, Turawa suka maido da gidan Haɓe, suka naɗa Malam Musa daga Zango. Saboda haka zuwan da ya rushe gadon Attahiru shi ne ya mayar da tsohon gidan sarautar Daura kan karaga. M. G. Smith ya bi diddigin wannan a littafinsa na tarihin Daura da ya fito a 1978.

A jarrabawa akan nemi ɗalibi ya faɗi aibin jarumi da ya jawo faɗuwarsa, bisa ma'aunin Girkawa. Ma'aunin bai zauna daidai a kan Attahiru ba, domin wata biyar kacal ya yi a Sakkwato, kuma yaƙin da ya ci shi an riga an ɗaura shi tun kafin a naɗa masa rawani.