Daga Zauren Maɗori Zuwa Ɗakin Bincike

Ina yaro a Yako, duk wanda ya faɗo daga mangwaro zauren maɗori ake kai shi. Na ga an yi wa yayana. Tsohon ya shafa man shanu, ya ja hannun har ƙashi ya koma mazauninsa, ya jera karare ya ɗaure da tsumma, ya yi tofi. Ɗori gado ne, uba ke koya wa ɗa, saiwoyinsa kuma daga dajin Falgore ake haƙo su. Haka aka rayu a ƙasar Kiru da Bebeji tun kafin a buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a 1959.

Amma akwai ciwon ƙashin da ba karaya ba, wanda maɗori ba ya da abin ɗorawa. Ɗan ƙanwata na da amosanin jini, wato sikila. Idan hunturu ya shigo sai ya kwana yana riƙe da ƙaurinsa yana kuka, uwarsa na gasa masa da ruwan ɗumi har asuba. Haka ma mai ciwon daji idan cutar ta shiga ƙashi. A da, mayu ko iska ake ɗora wa laifi.

Shi ya sa nake girmama Farfesa Charles Wambebe, masanin harhaɗa magunguna da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya shugabanci cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja. Bai raina ilimin gargajiya ba. Wani limamin coci daga Oyo, Paul Ogunyale, yana da haɗin da yake ba masu sikila, sai cibiyar ta karɓa ta auna shi, ta gwada a kan dabbobi, sannan a kan marasa lafiya. Sakamakon shi ne Niprisan, wanda ke rage yawan tashin ciwon.

Me ke cikinsa? Masoro, kanumfari, karan dafi, da wani itace ɗan'uwan madobiya. Biyun farko suna cikin kayan yajin kowace uwargida, karan dafi kuwa da shi majema ke rina fata ja. A 2006 aka ƙaddamar da shi a kasuwa da sunan Nicosan, amma bayan 'yan shekaru matsalar kuɗi ta tsayar da kamfanin da ke yin sa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tsofaffinmu na tafiya da iliminsu ba a rubuta ba. Maɗorin da ya ɗora yayana ya rasu, ɗansa kuma ya koma tuƙin mota.

'Ya'yanmu masu karatun magunguna a Kano da Zariya, ku dawo gida ku durƙusa gaban waɗanda suka rage, ku rubuta, ku auna. Iyaye kuma, ciwon ƙashin da ya ƙi tafiya ba tare da an faɗi ba, a kai shi asibiti da wuri.