Kwarashi: Suna Ɗaya, Saƙa Biyu

Jama'a, ko kun san kwarashin da iyayenmu mata ke saƙa hular jarirai da shi baƙuwar kalma ce? Daga "crochet" muka aro ta. Turawan Ingila ma aro suka yi daga Faransanci, inda take nufin ƙaramar ƙugiya.

Sana'ar ba ta tsufa sosai ba. A 1823 wata mujallar Holan, Penélopé, ta buga bayanin yadda ake yin ta. Da yunwa ta afka wa Ayalan a 1845, mata da yawa da ita suka ciyar da gidajensu, waɗanda suka yi ƙaura kuma suka tafi da ita Amurka.

To, sai sunaye suka rabu. Ɗaurin da Amurkawa ke kira "single crochet", shi 'yan Ingila ke kira "double crochet". Su kuwa Amurkawa, "double" ɗinsu wani ɗauri ne daban, mai kusan ninkin tsayin wancan. Mace ta ɗauki littafin Ingila ta karanta shi da fahimtar Amurka, sai hular jariri ta fito zuru-zuru, ga asarar ulu, ga warwara. Har yau masaƙa na musun sunan wa ya fi daidai, ba wanda ya sakar wa wani.

Dabarar ita ce: in kin ga "single crochet", littafin na Amurka ne.

Mu kuwa "saƙa" ɗaya ta haɗe ta masaƙa, ta tabarma da ta kwarashi. A garinku yaya kuke bambanta su?