Tarihin Gyaran I'ina ga Manya

I'ina ita ce sarƙewar magana, ta hanyar maimaita gaɓa, ko jan sauti, ko tsayawar numfashi cak kafin kalma ta fito. Kusan kashi 5 cikin 100 na yara sukan yi ta, akasarinsu su warke da kansu. Kusan kashi 1 cikin 100 ne ke girma da ita, kuma maza sun ninka mata wajen sau huɗu.

Tun da can laifin a kan harshe aka ɗora shi. Musulmi sun san roƙon Annabi Musa (AS) a Suratu Ɗaha, na a kwance masa ƙullin harshensa, har yau kuma a ƙasar Hausa da Borno wurin malam akan fara zuwa, a karɓo addu'a ko rubutun sha. Girkawa kuwa sun ruwaito cewa mai huɗubarsu Demosthenes yakan cusa tsakuwa a baki yana koyon huɗuba don gyara harshensa. Mafi muni shi ne abin da likitan fiɗa Dieffenbach ya yi a Berlin a 1841, lokacin da ya riƙa yanke tsoka daga gindin harshen masu i'ina ba tare da maganin kashe zafi ba. Wasu da aka yi wa irin aikin sun mutu, waɗanda suka rayu kuma i'inar ta dawo musu.

Juyin gaske ya zo ne a ƙarni na 20, kuma masu i'inar kansu ne suka kawo shi. Charles Van Riper, mai i'ina wanda ya yi karatu a Jami'ar Iowa ta Amurka, ya buɗe asibitin magana a Michigan a 1936. Koyarwarsa ita ce babba ya daina gudun kalmomin da ke ba shi tsoro, ya faɗe su a fili, sannan ya koyi sassauta sarƙewar tana cikin faruwa. Wannan ya fi komai dacewa da magidanci, domin abin da ke cinsa ba sautin ba ne kaɗai. Shekarun dariyar mutane ne, da ƙin ɗaga waya, da yin shiru a taron unguwa alhali yana da abin faɗa. A Ingila, mai gyaran magana Lionel Logue ya fara aiki a 1926 da yarima mai i'ina wanda ya zama Sarki George na VI. Daga baya aka fito da wata hanya ta koyar da magana sannu a hankali, ana jan numfashi ana sassauta farkon kalma.

Binciken gado ya ƙarasa wanke harshe daga zargi. A 2010 mai bincike Dennis Drayna da abokan aikinsa suka gano ƙwayar halitta mai alaƙa da i'ina a wasu dangi na Pakistan, suka kuma nazarci wani babban dangi a Kamaru.

A Najeriya, dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ce ta kafa hukumar MRTB, wadda ke yi wa masu gyaran magana rajista, Jami'ar Ibadan kuma na cikin wuraren da ke horar da su. Sai dai ba su da yawa, kuma a manyan birane suke. Mutumin garin Konduga a Borno, misali, sai ya kama hanyar Maiduguri ya fara tambaya a manyan asibitoci. Ga wanda i'ina ta same shi rana tsaka bayan shanyewar ɓarin jiki ko rauni a ka, wannan tafiya dole ce, domin irin tasa daban take, likitan ƙwaƙwalwa ya kamata ya fara dubawa. Tun 1998 ake tunawa da masu i'ina a duniya kowace ranar 22 ga Oktoba.