Burauzar da Ta Ƙi Fita

A watan Fabrairun 1999, a wata kotun tarayya da ke birnin Washington, kamfanin Microsoft ya kunna wa alƙali faifan bidiyo. Manufarsa ita ce ya nuna cewa idan aka cire burauzar Internet Explorer daga Windows 98, kwamfuta za ta riƙa jan ƙafa. Sai lauyan gwamnati, David Boies, ya sa aka tsayar da faifan, ya nuna cewa gumakan da ke kan allon suna sauyawa daga wannan fitowa zuwa waccan. Ashe ba kwamfuta ɗaya aka ɗauka ba, haɗe-haɗe aka yi. Jim Allchin, babban jami'in kamfanin da ke ba da shaida, dole ya amsa hakan.

Asalin rigimar tsoro ne. Netscape Navigator ta fito a ƙarshen 1994, ta mamaye kasuwa, har aka fara hasashen ranar da mutum zai yi duk aikinsa a cikin burauza ba tare da ya damu da wace babbar manhaja ke ƙarƙashinta ba. Ga kamfanin da Windows ce gonarsa, wannan magana ce ta yunwa. Microsoft ya fitar da tasa burauzar a 1995, ya ba da ita kyauta, sannan ya cuɗe ta da Windows. A ranar 18 ga Mayun 1998 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka da jihohi 20 suka maka shi a kotu.

Mu da muke rubuta manhaja mun san hujjar kamfanin ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Burauza kashi biyu ce: akwai tagar da mutum ke dannawa, akwai injin da ke zana shafuka. Injin Internet Explorer, wato MSHTML, shi ne ke nuna shafukan taimako na Windows da saƙonnin Outlook Express, kuma manhajojin wasu kamfanoni da yawa sun dogara da shi. Ka tumɓuke shi, abubuwa su ɓaci. Amma fa su suka gina ɗakin haka, suka sa ƙofa ta ɗauki nauyin rufi, sannan suka ce ƙofar ba ta ciruwa. Farfesa Edward Felten na Jami'ar Princeton ya rubuta 'yar manhajar da ta kawar da aikin burauzar, Windows kuwa ta ci gaba da tafiya.

A Yunin 2000 alƙali Thomas Penfield Jackson ya ce a raba kamfanin gida biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan a 2001, aka yi sulhu. Abin da mai kwamfuta ya samu shi ne damar ɓoye burauzar, ba goge ta ba. Kafin nan Netscape ta riga ta durƙushe. Internet Explorer 6 ta fito a 2001, ba a ga ta 7 ba sai 2006; shekara biyar masu gina shafuka suna lallaɓa kurakuran burauzar.

Turai ta bi wata hanya. Bayan ƙorafin Opera a 2007, Microsoft ya ce zai sayar da Windows 7 babu burauza ko ɗaya, abin da ya haifar da tambaya mai ban dariya: da me mutum zai sauke wata? Aka koma kan allon zaɓi mai burauza 12, wanda ya fara aiki a 2010. Allon ya ɓace daga Mayun 2011 zuwa Yulin 2012, kamfanin ya ce kuskuren fasaha ne, Hukumar Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro miliyan 561 a 2013.

Sai a 2024, ƙarƙashin dokar kasuwannin dijital, masu Windows a Turai suka sami ikon goge Edge, masu iPhone ma suka sami na goge Safari. Maganin kuwa shi ne wanda Felten ya nuna tun farko: a cire tagar, a bar injin ga manhajojin da ke buƙatarsa. A ganinmu nan ne gaskiyar take, kuma ba ta cancanci jiran shekara 25 ba.

Dokar dai iyakarta Turai. A Kano ko Maraɗi, wayoyi da yawa suna zuwa da burauzar da sai dai a kashe ta, tana nan zaune a ma'adana.