Revolution: jirgin lilon da ke juya mutane kai ƙasa lami lafiya

Jirgin lilo ɗan jirgi ne da ke bin layin dogo a wuraren wasa, ba shi da inji a jikinsa. Sarƙa ce ke jan sa zuwa saman tudu na farko, daga nan nauyinsa ne ke kai shi har ƙarshe. Wanda zan yi bayani a kai sunansa Revolution, yana wurin wasa na Six Flags Magic Mountain kusa da Los Angeles a Amurka. An buɗe shi ranar 8 ga Mayu 1976, shekarar da Amurka ta cika 200 da samun 'yanci.

Ba shi ne ya fara juya mutane kai ƙasa ba fa. Tun 1895 an yi wani na katako mai suna Flip Flap Railway a Coney Island ta birnin New York. Matsalarsa ita ce zagayen da'ira ce sak kamar tayar keke. Kafin jirgi ya iya haye saman irin wannan da'ira sai ya shigo da mugun gudu, to a nan ƙasa ƙarfin da ke danne mutum kan yi yawa. Mutane suka riƙa sauka da ciwon wuya, a 1902 aka rufe shi. Wanda ya taɓa bin tirelar shanu daga Arewa ya san yadda kwana mai kaifi ke tura dabbobi gefe guda idan direba bai rage wuta ba, irin ƙarfin kenan.

Jamusawa biyu ne suka warware abin: injiniya Werner Stengel da maƙeri Anton Schwarzkopf. Sai suka sa zagayen ya zama kamar ɗigon ruwa a kife, ƙasa a buɗe inda gudu ya yi yawa, sama a matse inda gudu ya ragu. A ganina wannan dabarar ta fi komai a jikin Revolution muhimmanci, don ita ake bi har yau.

Hawan kansa bai wuce minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi ba. Layin ƙarfen ya ɗan haura kilomita ɗaya, gudunsa ya kai kilomita 89 a awa. Ba ya kai ka zagayen kai tsaye, sai ya gama yawo da kai a gefen tudu cikin bishiyoyi, sannan ya miƙe a doguwar gangara kana hango zagayen mai tsayin mita 27 a gabanka. Kana shiga za ka ji an danne ka a kujera, a sama kuma jiki ya yi sakayau. Faɗuwa babu, kamar dai ruwan bokitin da yaro ke wulwulawa. Tayoyin ma sun kama ƙarfen ta sama da gefe da ƙasa. Bayan nan sai rami mai duhu da kwana mai murɗawa.

Da farko ƙarfen cinya kaɗai ke riƙe mutum. A 1992 aka ƙara na kafaɗa, masu hawa suka yi ta ƙorafin yana bugun kunne, sai a 2016 aka kawo sababbin taragu aka cire shi.