Hatsi da shibra: tarihin ƴan gida ɗaya

A gonakin Dakoro, arewacin jihar Maraɗi, inda noma ke iyaka da makiyayar kwarin Tarka, kowane manomi ya san shibra. Tana tsirowa tare da hatsi, tana kama da shi tun tana ƙarama, amma takan riga shi nuna, ta zubar da ƙwayarta ƙasa kafin girbi. A shekarun yunwa mutane kan tara ta su yi tuwo. Wannan ciyawa da ake rainawa tana ɗauke da tarihin yadda hatsi ya samu.

Kakan hatsi wata ciyawar daji ce da har yanzu ke fitowa a bakin Sahara. Masu tonon tarihi sun samu alamun hatsin gona a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, masu kimanin shekara 4,500. Ciyawar daji tana yaɗuwa ne ta hanyar zubar da ƙwaya, shi kuwa mai girbi zangarniyar da ta riƙe ƙwayarta kawai yake kai wa rumbu, daga ita kuma yake ɗebe iri. Da aka maimaita haka damina bayan damina, sai tsiron ya sauya: zangarniya ta yi tsawo, ƙwaya ta yi girma, ta daina zuba.

Da irin wannan zaɓe na manoma da makiyaya Charles Darwin ya buɗe littafinsa na 1859 kan asalin jinsunan halittu. Hujjarsa ita ce yanayi ma yana tankaɗe da rairaya: wanda ya dace da wurinsa shi ke barin zuriya mai yawa. An ga haka a Nijar. Masana na cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu sun kwatanta hatsin da aka tara a ƙauyuka 79 a 1976 da wanda aka sake tarawa a ƙauyukan a 2003. Sakamakon da suka buga a 2011 ya nuna cewa, bayan shekarun fari irin na 1984, hatsin ya koma fitar da kai da wuri, zangarniyarsa kuma ta rage tsawo. Wanda ya yi jinkiri, ruwa ya ɗauke masa kafin ya yi ido.

Sai dai sauyi bai isa ya haifar da sabon jinsi ba. Jinsi yakan rabu biyu ne idan ɓangarorinsa suka daina barbarar juna na dogon zamani, saboda nisa ko bambancin lokacin fure. Hatsi da kakansa ba su kai nan ba, domin iska na ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. Shibra ita ce ƴar wannan cuɗanya.

Saboda haka irin da ke rumbunan Dakoro dukiya ce da ƙarnuka suka tace. Bambancin da ke cikinsa ne ya ba shi damar jure fari, kuma idan aka bar shi ya ɓace, babu kasuwar da za a sayo shi.