Masauki mai rahusa a ƙasar waje: abin da sabon matafiyi zai tarar

Masaukin da ake kira « auberge de jeunesse » da Faransanci gida ne da matafiyi ke biyan kuɗin gado guda maimakon ɗaki. Wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, ne ya fito da dabarar a 1909. Baƙi da yawa ke kwana ɗaki ɗaya, gado bisa gado. Makewayi da madafa kuwa na kowa ne. Akwai ɗakunan da ake gama maza da mata, don haka a tambaya kafin a biya. Ana nuna fasfo da isowa. A tafi da kwaɗo don kulle wurin ajiyar kaya, da tawul da silifa. Kuɗi da fasfo kuwa kada su bar jiki, ko da dare.